Faifan da Aka Ce Ya Mutu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Shugaban wannan taro, kuma shugaban Kwamitin Karɓar Baƙi na Barunde, Alhaji Yuguda. Masu unguwanni da suka taso daga Barunde da Gabukka da Hammadu Kafi. Limamanmu da fastocinmu. Iyayenmu mata da ke zaune a ƙarƙashin rumfar can. 'Yan sa-kai da suka tsaya a bakin ƙofa tun hantsi suna laluben aljihun kowa, har da nawa, kuma ban ji haushi ba. 'Yan'uwanmu da tashin hankali ya koro daga garuruwansu, waɗanda muke kira baƙi alhali yanzu tare muke ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Sauran jama'a manya da ƙanana: assalamu alaikum, barkanmu da ganin wannan rana.

Sunana Hamman Bakari, daga Gabukka. Shekarata sittin da huɗu. Na yi kiwon shanu har gwiwoyina suka ƙi, sannan na koma sayar da dusa da kanwa. Ban taɓa riƙe fensir ba sai da na cika sittin da ɗaya, a ajin yamma na manya, inda muke zama a kan bencin yara bayan la'asar, gwiwa tana dukan tebur. Saboda haka idan kun ga ina duba takarda ina tsayawa, ku yi mini uzuri, da hannuna na rubuta, kuma hannun bai daɗe da koyo ba.

An ce in tashi in yi godiya. Zan yi, domin duk filin nan babu wanda ya kai ni farin ciki yau. Ku dubi layi na biyu a cikin rumfar mata. Yarinyar nan mai jan kallabi, wadda take cin gyaɗa ba ta ma san da ita ake ba, jikata ce. Mako shida muka yi ba mu san ko tana raye ba. Ga ta nan. Na gode wa Allah, na gode wa wannan kwamiti da ya buɗe ofis tun ranar da motocin farko suka fara sauke mutane, na gode wa duk gidan da ya shimfiɗa tabarma ga wanda bai sani ba.

Amma ɗazu magatakarda ya karanta mana rahoton shekara, kuma na kasa kunne da kyau. A shafi na uku ya ce: “A watan Disamba an samu 'yar tangarɗa a na'urar ofis, kwamiti ya shawo kanta.” Layi ɗaya. 'Yar tangarɗa! Jama'a, a cikin wannan 'yar tangarɗar jikata ta kusa ɓace mini har abada. Kuma ba kwamiti ne ya shawo kanta ba. Ranka ya daɗe shugaba, ka yi haƙuri, minti biyar da aka ba ni ba za su isa ba. Ina da magana huɗu.

Magana ta farko, abin da ke cikin na'urar.

Ɗana Zaharadeen a Mubi yake zaune da iyalinsa. Ranar da garin ya watse suka fito a ƙafa kamar kowa. A wata mararraba aka yi harbi, jama'a suka tarwatse, uwar tana goye da jariri, hannun yarinyar ya suɓuce daga nata. Shekararta huɗu. Sunanta na yanka Kadijatu, sunan mahaifiyata, don haka babu mai kiran sunan a gidanmu, Dada muke ce mata, ita ma Dada ta san kanta. Uban ya bi ta Yola, ya bi sansani bayan sansani. Ni ma na bi nawa. Ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa tana iya zama a cikin Gombe ba.

Wata Litinin da safe wani maƙwabcina ya ce in leƙa ofishin Barunde. Na tarar da Elias, wanda yake rubuta sunayen baƙi tun farko, ga shi can tsaye kusa da lasifika. Na ba shi labari. Da na ambaci sunan sai ya ajiye biro, ya ce, “Baba, tsaya. Akwai wata 'yar ƙarama da wata mata ta kawo, ta ce a hanya ta tsince ta. Na tambaye ta sunanta ta ce Dada, har muka yi dariya, muka ce wannan ai sunan tsofaffi ne. Na ɗauki hotonta, na rubuta gidan da suka sauka.” Na ce, “Wace mata? Wane gida?” Ya ce, “Baba, mutum sama da ɗari tara na rubuta, ba zan iya tunawa ba. Amma yana cikin kwamfuta. Minti biyu.”

Na ce to littafi fa? Ya sunkuyar da kai. Ashe kwamiti ya ƙona littattafan rajista tun a watan Nuwamba, don tsoron kada takarda mai ɗauke da sunayen baƙi da gidajen da suka sauka ta faɗa hannun miyagu. Ban zargi kowa a kan wannan tsoro ba, duk mun san kwanakin da muke ciki. Amma ku riƙe wannan: tun daga ranar, sunan kowane yaro da ya ɓace, da hotonsa, da gidan da yake, a wuri ɗaya tak suke a duniya, a cikin wani faifan ajiya da bai kai tafin hannuna ba, a cikin tsohuwar kwamfutar da ke kan tebur.

Elias ya tayar da janareta, ya danna. Kwamfuta ta yi ƙara, allonta ya yi haske, sannan ya koma baƙi. Sai ga farin rubutu layi bakwai, ta tsaya cik. Ya kashe ya kunna, haka. Ya sake, haka. Ya ce, “Ikon Allah, ranar Juma'a lafiya lau muka rufe.” Sai daga baya ya tuna cewa ranar Juma'ar Rabe mai gyaran waya ya zo, ya ga saƙo a allo cewa akwai sabuntawa, ya danna mata ta sabunta kanta, aka kashe aka tafi masallaci.

Ni dai ina zaune ina kallon rubutun. To mu 'yan ajin yamma akwai abin da malamarmu ta horar da mu a kai. Takan ce duk abin da kuka gani a allo ku kwafe shi harafi bayan harafi, ko kun gane ko ba ku gane ba, ganewa tana zuwa daga baya, amma allo gogewa ake yi. Ba na rabuwa da littafina. Na ciro shi daga aljihu, na matsa kusa, na kwafe layi bakwai ɗin nan. Turanci ne, ban san ko kalma ɗaya ba. Na kwafi lambobi, na kwafi ɗigo-ɗigo, har da wasu 'yan sanduna da suka karkace. Awa guda na yi. Wasu da ke jira a ofishin suna ta murmushi, wani ya ce, “Baba, laya kake rubuta mata?”

Magana ta biyu, abin da kwamiti ya yi, kuma a nan ne raina yake ɓaci.

Ranar Talata Rabe ya zo da sukudireba. Ya buɗe cikin kwamfuta, ya cire wayar faifan daga inda take, ya soka ta a wani rami, ya hura, ya mayar da murfi. Da aka kunna, layi bakwai ɗin nan sun tafi. Layi ɗaya ya rage, wanda ya ce yana nufin babu faifai sam. Sai ya kaɗa kai ya ce, “Ya mutu. Ko dai a wanke shi a zuba sabuwar manhaja a gani ko zai tashi, ko a jefar.” Na ce, “Ɗana, idan an wanke, abin da ke ciki fa?” Ya ce, “Ai Baba, wankewa wankewa ce.”

Rabe yana nan, na gan shi, kuma ba don in kunyata shi na tashi ba. Gyaran waya ya koya, iyakar saninsa ya faɗa, kuma daga baya ya taka har gidana ya ba ni haƙuri. Wanda bai sani ba ana koya masa. Fushina yana kan waɗanda suka zauna ranar Laraba.

A ranar Talatar na fita daga ofis na shiga unguwa da ƙafata. Na tsaya a ƙofar coci, na tsaya a ƙofar masallaci, ina tambayar wa ya san matar da ta tsinci yarinya. Amma ku faɗa mini, a irin wannan lokaci, wa zai nuna wa baƙon tsoho mai rawani gidan da yara suke? Kowa sai ya ce bai sani ba, ya ja ƙofa. Ni ma da ni ne haka zan yi. Na dawo na san cewa ba ni da wata hanya sai faifan nan.

Ranar Laraba kafin azahar kwamiti ya zauna, mutum tara. Ina bakin taga a waje, domin ni ba ɗan kwamiti ba ne. Da kunnena na ji abin da aka tattauna. Ba a yi maganar yara ba. Maganar baƙin da za su zo ranar Asabar daga wata ƙungiyar agaji aka yi: yaya za su shigo su ga kwamfuta a mace? Me za su ce da mu? Wani ya ce a wanke, a zuba sabuwa, a fara rajista daga farko, ai mutanen suna nan za su dawo. Aka ɗaga hannu. Bakwai suka yarda. Aka ce Rabe ya dawo bayan la'asar ya gama aikin.

Jama'a, su wa za su dawo? Yarinya mai shekara huɗu ce za ta dawo ta sake rubuta sunanta? Tsohuwar da aka turo a kan kurar ɗaukar kaya ba ta iya magana ce za ta dawo? Wanda ya tsinci ɗan wani ya kawo shi ya yi rajista sau ɗaya, ya sauke nauyin da ke kansa, ya wuce Kaltungo ko Bauchi, shi ne zai dawo? An zauna an auna kunyar kwamiti a gaban baƙi da 'ya'yan mutane, kunyar ta fi nauyi. An fi son a ga allo yana haske babu komai a ciki, da a ga allo baƙi alhali komai yana ciki. Wannan shi ne abin da rahoto ya kira 'yar tangarɗa.

Na leƙa ta taga na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni kwana ɗaya.” Shugaba, kana nan, ka tuna abin da ka ce mini. Ka ce, “Malam Hamman, mun san zafin da kake ji, amma wannan aikin masana ne.” Ban ce ka faɗa da mugunta ba. Amma masani nawa aka tambaya? Ɗaya. Kuma shi ne wanda ya danna abin tun farko.

Da aka watse, Elias ya kulle ofis, ya zo kusa da ni yana shafa aljihu. Ya ce, “Baba, ka ga wani abin mamaki, makullin nan ya ɓace mini. Ina jin ba zan gan shi ba sai gobe da hantsi.” Ina kallon makullin a hannunsa. Elias, yau na tona maka asiri a gaban shugabanka. Idan za a hukunta ka, a haɗa da ni.

Magana ta uku, yadda aka gane ciwon.

Daga nan aji na wuce, ba don karatu ba, don ban san inda zan sa kaina ba. Malamarmu, Malama Bushra, da safe ɗakin kwamfutoci take kula da shi a wata makaranta, da yamma ta zo ta koya mana baƙi da wasali. Ta ga ban buɗe littafi ba, ta ce, “Baffa Hamman, yau kuma lalaci ne?” Na ba ta labari. Ta ce, “Me kwamfutar ta rubuta?” Na ce an ce ta rubuta babu faifai. Ta ce, “Tun farko haka ta rubuta?” Na ce a'a, da farko layi bakwai ne. Ta ce, “Kash, da wani ya ɗauki hotonsu.” Sai na miƙa mata littafina.

Ta karanta a tsaye. Ta sake karantawa da yatsa. Sannan ta ɗago ta ce, “Baffa, wa ya rubuta wannan?” Na ce ɗalibinki. Ta ce, “Kada kowa ya taɓa faifan nan. Da ransa.”

Zan faɗa muku yadda ta bayyana mini, domin ina so kowa a nan ya gane, kada gobe a sake tsorata mu da kalmar masana. Ta ce a cikin kwamfuta akwai wata uwar manhaja da ake kira kanal, ita ce take fara tashi, ita take kiran kowane sashe ya kama aiki. Sabuntawar ranar Juma'a ta kawo sabuwar kanal. Ita kuma kwamfutar ofis tsohuwa ce, ramin da ake soka faifai a jikinta ya lalace tun tuni, wanda ya ba da ita kyauta ya sa mata wani ɗan kati na daban, ta jikinsa faifan yake magana. Tsohuwar kanal ta san katin. Sabuwar ta tashi ba tare da abin da za ta yi magana da shi ba. Layi bakwai ɗin nan cewa suke yi: na tashi, na kira faifai, na jira, bai amsa ba, na haƙura.

Na ce, “Malama, to ai bai amsa ba.” Ta ce, “Baffa, ita wadda take cewa bai amsa ba, daga ina ta fito? A cikin faifan take kwana. Sai da aka karanto ta daga cikinsa sannan ta iya buɗe baki. Mataccen faifai ba ya haifar da layi bakwai.”

Nan take na gane, domin na san irinsa. Idan ka ba sabon makiyayi garke, ya tsaya a bakin ruga ya yi kira, shanun ba za su ɗago kai ba, ba su san muryarsa ba. Sai ya dawo gida ya ce shanu sun mutu? Suna nan a tsaye suna tuƙa. Na ce, “To tsohon makiyayin fa, an kore shi?” Ta yi dariya ta ce, “Ba a kore shi ba. Yana zaune a baya, ba a dai kira shi ba ne. Ka ga lambar da ka kwafa a layi na biyu? Ta sabon ce. Gobe za mu nemi ta tsohon.”

Ranar Alhamis da hantsi ta zo da goyonta a baya. Makullin Elias ya bayyana. Rabe yana tsaye da faifan zuba sabuwar manhaja a hannu, 'yan kwamiti uku suna jira. Wani daga cikinsu ya ce, “Wannan ba malamar yaƙi da jahilci ba ce?” Ta ce, “Ni ce, kuma yau ma aikin da na zo yi ke nan.” Ta juya ga Rabe cikin ladabi ta ce, “Malam Rabe, a ina ka samu wayar nan ranar Talata?” Ya nuna mata katin. Ashe a cikin mataccen ramin nan ya mayar da ita, shi ya sa kwamfuta ta ce babu faifai sam. Ta ce ya mayar da ita jikin katin da hannunsa. Ya mayar. Ta kunna, ta kara kunnenta a jikin akwatin, ta ce, “Ku ji, yana juyawa.” Layi bakwai suka dawo. Ta ɗora littafina kusa da allo tana gwadawa. Harafi ɗaya kawai na kuskure, kuma ta ce za mu yi maganarsa a aji.

Ta kashe, ta sake kunnawa, wannan karon ta danne wani maɓalli da yatsa ba ta saki ba. Sai ga wani jeri ya fito wanda babu wanda ya taɓa gani a ofishin, sabuwar lamba a sama, tsohuwa a ƙarƙashinta. Ta sauko kan tsohuwar ta danna. Ban san tsawon lokacin da muka jira ba, Elias ya ce bai kai minti ɗaya ba, ni dai na karanta duk abin da na haddace. Allo ya yi haske. Komai yana nan.

Na miƙe na ce a nemo mini Dada. Ta ce, “Baffa, zauna. Ba za a buɗe komai ba sai na kwafe shi wuri biyu.” Wallahi na ji kamar in yi kuka don haushi. Amma gaskiyarta. Sai da ta kwafe duka a filashi biyu, ƙananan abin ajiyar nan na aljihu, ta ba Elias ɗaya, ta ba shugaba ɗaya, sannan ta ce, “Yanzu nemo.” Gyaran sabuwar kanal ɗin ma sai washegari ta dawo ta yi shi a natse, ta haɗa ta da abin da ta rasa.

Elias ya buga suna. Hoto ya fito. Rigar da na saya mata da Sallah ce a jikinta, ta yage a kafaɗa. A ƙasa an rubuta: Margaret, gidan mai shuɗin ƙofa, bayan injin niƙa, Hammadu Kafi.

Hammadu Kafi, jama'a! Mun je Yola, mun je har bakin iyaka, yarinya tana Hammadu Kafi.

Na isa kafin azahar. A tsakar gidan na tarar da kaya a ɗaure, buhu biyu da katifa a naɗe. Madam Margaret, wadda ta goya yarinyar nan kwana uku a daji alhali nata 'ya'yan biyu suna tafiya a ƙasa, ta gaji da jira. Ta je ofis sau biyu a watan Nuwamba ba labari. Ta samu mota za ta wuce wurin 'yar'uwarta a Jos ranar Juma'a da safe, kuma ba za ta bar yarinyar a hannun kowa ba. Ranar Juma'a. Washegari ke nan. Da an wanke faifan nan ranar Laraba, da ranar Asabar baƙi sun zo sun ga allo yana haske sun yaba, ita kuwa Dada ta riga ta isa Jos, ta girma can ba ta san sunan garinsu ba.

Madam Margaret ba ta miƙo mini ita haka kawai ba, kuma na ƙara girmama ta saboda haka. Ta tsaya a tsakaninmu ta ce, “Baba, kada ka matso. Ka kira ta daga nan, in gani.” Yarinyar tana bayanta ta riƙe zaninta. Na tsuguna daga inda nake. Na ce, “Dada, wa ya shanye mini nonon da na ajiye?” Haka nake tsokanarta duk lokacin da suka zo hutu. Ta leƙo da ido ɗaya. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, “Ba ni ba ce, kyanwa ce.”

Ba zan iya faɗa muku sauran ba.

Magana ta huɗu, kuma ita ce ta ƙarshe. Ban zo neman a tsige kowa ba. Abin da nake nema kaɗan ne. A gyara layin nan na shafi na uku, a rubuta abin da ya faru yadda ya faru, har da ƙuri'ar ranar Laraba, har da sunan Malama Bushra da na Elias, domin wanda zai riƙe kwamitin nan bayanku ya karanta ya ji tsoro. Kada a sake danna sabuntawa a kwamfutar nan sai an kwafe abin da ke cikinta wuri biyu. Idan ta sake tsayawa, kafin kowa ya ɗauko sukudireba, a rubuta abin da ta faɗa, domin ta faɗi ciwonta tun ranar Litinin, masu karatu suka wuce ba su saurara ba. Kuma kada bakin mutum ɗaya ya sake isa a ce a wanke.

Na tambayi Elias jiya. Ya ce har yanzu akwai yara sittin da uku a cikin faifan nan da ba a samu iyayensu ba. Sittin da uku. Kowannensu yana da wani tsoho a wani wuri da yake tsayawa a ƙofar coci da ƙofar masallaci ana ja masa ƙofa. Wata rana zai shigo ofishin Barunde kamar yadda na shigo. Ranka ya daɗe, ina so ranar ya tarar da abin da na kusa rasawa. Kuma in shugaba ya yarda, mu 'yan ajin yamma mu goma sha ɗaya ne, mun yi shawara da malamarmu: za mu kwafe sunayen yaran nan da hannu, harafi bayan harafi, a ajiye littafin a kulle inda kwamiti ya amince. Muna da jinkiri, amma ba ma tsallake layi.

Allah Ya saka wa Madam Margaret, wadda ta fasa tafiyarta har mako guda don yarinyar ta saba da mu, ga ta can zaune, Dada a tsakaninta da uwarta. Allah Ya raya mata nata 'ya'yan. Allah Ya ƙara wa Malama Bushra sani, Ya sa ta yafe mini harafin nan ɗaya. Allah Ya kiyaye Elias, Ya sa makullinsa ya riƙa ɓacewa a lokacin da ya dace. Allah Ya ba shugabanninmu kunnen sauraren wanda ke tsaye a bakin taga. Allah Ya ji ƙan waɗanda muka rasa, Ya kawo ƙarshen wannan masifa, Ya mayar da kowa garinsu cikin aminci. Yara sittin da ukun nan kuma, Allah Ya haɗa kowannensu da mai kiransa da sunan da ya sani.

Allah Ya kai kowa gida lafiya. Na gode.